Shigeru Miyamoto: shi ya yi aikin da hannunsa ko sunansa ne ya rufe na sauran?

Sarkin_Pad:
Salam 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Akwai maganar da ta tsaya min a rai tun shekaranjiya, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai waɗanda suka girme ni a harkar gem. Muna hira ne da wani abokina sai na ce Shigeru Miyamoto shi ne uban wasannin bidiyo gaba ɗaya, ba a yi kamarsa ba. Buɗar bakinsa sai ya ce wai zuzutawa ce kawai, mutumin sa'a ya taka ya samu babban kamfani da yara masu basira suna masa aiki shi kuma yana kwashe suna. Wlh abin ya min zafi, don ni Super Mario Bros. ne gem na farko da na fara riƙe pad a kansa. Amma da na kwanta na yi tunani sai na ga ba ni da wata hujja da zan ba shi in ban da ina son Mario. To ku da kuka san tarihin, me mutumin nan ya yi da kansa, me kuma aka jingina masa kawai?

Auta_2004:
Ni dai ban ma san da shi ba sai da fim ɗin Mario ya fito a 2023 na ga sunansa a cikin furodusoshi. Na gyara zama in ji daga bakin manya

Malam_Tarihi:
Wa alaikumus salam ƙanina. Abokinka ya taɓo gaskiya amma ya wuce gona da iri. Bari mu faro daga tushe. An haifi Miyamoto ranar 16 ga Nuwamba 1952 a Sonobe, wani ƙaramin gari a yankin Kyoto na Japan. Ba kwamfuta ya karanta ba, zanen kayan masana'antu ya karanta a Kanazawa, kuma yana yaro burinsa ya zama mai zanen manga, wato littattafan labari cikin zane na Japan. Ya shiga Nintendo a 1977 a matsayin mai zane. Kamfanin tun 1889 yake, katin wasa na Japan da ake kira hanafuda suke bugawa, daga baya suka shiga kayan wasan yara. Lokacin da ya shiga ba wani gagarumin kamfanin gem ba ne, to ka ga maganar "ya samu babban kamfani" tun daga nan ta fara rauni.

Abin da ya ɗaga shi ma asara ce. A 1980 Nintendo ya fitar da wani gem na harbi mai suna Radar Scope, irin injinan nan na tsaye da ake jefa wa kuɗi a buga. Reshensu na Amurka ya yi oda da yawa, kaya suka iso mutane suka ƙi shi, kusan guda 2,000 suka yi kwantai a sito. Shugaban reshen Minoru Arakawa surukin mai kamfanin ne Hiroshi Yamauchi, sai ya roƙi a aiko masa da sabon gem da za a cusa cikin waɗannan akwatunan. Aka miƙa wa wannan saurayin mai zane da bai taɓa jagorantar gem nasa ba. Abin da ya fito shi ne Donkey Kong a 1981, gwaggon biri ya sace yarinya ya hau saman gini yana gangaro da ganguna, wani ɗan guntun mutum, wanda daga baya ya zama Mario, yana tsallake su yana hawa. Wannan gem ɗin ne ya ceci reshen Amurka.

Injiniya_AB:
Malam_Tarihi ka kawo shi daidai amma ka tsallake mutum biyu, kuma su ne ainihin hujjar abokin Sarkin_Pad. Na farko Gunpei Yokoi, shi aka sa ya kula da Miyamoto a aikin Donkey Kong, shi ne ubangidansa a sana'a. Yokoi ne ya yi ƙaramar na'urar gem ta hannu Game & Watch a 1980, shi ya kawo madannin nan mai siffar giciye na sama ƙasa hagu dama da har yau yake jikin kowane pad, shi ya jagoranci Game Boy a 1989. Na biyu ma ba mutum ba ne kamfani ne, Ikegami Tsushinki, su suka rubuta furogiram ɗin Donkey Kong, har sai da aka je kotu tsakaninsu da Nintendo daga baya. Miyamoto ba ya rubuta furogiram. Zane yake yi ya ce ga yadda nake so abu ya motsa, wasu su zauna su sa inji ya yi

Sarkin_Pad:
Kai Injiniya ka ƙara min ciwon kai 😅 kenan abokina yana da gaskiya?

'Yar_Zane:
A'a Sarkin_Pad kar ka karaya. Yaya Injiniya, mai zanen gini ma ba shi ke ɗora bulo ba amma ba a taɓa cewa ba shi ya yi gidan ba. Ni zane nake yi, bari in gaya muku abin da yake burge ni. Ku kalli Mario da kyau. Lokacin Donkey Kong ɗigo-ɗigon da za ka zana mutum da su 'yan kaɗan ne, ba wurin yin baki balle a ga yana motsi, sai Miyamoto ya sa masa gashin baki da ƙaton hanci, nan take fuska ta fito. Gashi yana da wuyar zanawa in mutum yana tsalle, sai ya kifa masa hula. Hannu yana ɓacewa cikin jiki in launinsu ɗaya, sai ya sa masa rigar aiki mai igiya a kafaɗa mai launi daban da ta ciki don a ga hannun yana lilo in yana gudu. Wato duk abin da muka san Mario da shi matsala ce aka warware. Fiye da shekara 40 kenan ba a canza wannan siffar ba, yaro ɗan shekara uku ya gan ta daga nesa ya gane. Wannan aikinsa ne shi da kansa ba na Ikegami ba.

Auta_2004:
Anti 'Yar_Zane to sunan Mario fa? ai ba sunan Japanawa ba ne

Malam_Tarihi:
Auta, da farko Jumpman ake ce masa, kuma kafinta ne. Ma'aikatan reshen Amurka suka laƙaba masa Mario, sunan mai siton da suke haya, Mario Segale. Sai a Mario Bros. na 1983 ya koma mai gyaran famfo saboda wasan a cikin bututun ƙarƙashin ƙasa ake yinsa, a nan ne ma ɗan'uwansa Luigi ya shigo. Wani abin kuma, asali Popeye suka so su yi amfani da shi a Donkey Kong, izinin bai samu ba a lokacin, dole ta sa ya ƙirƙiro nasa mutanen. Da izinin ya samu da yanzu ba Mario.

DanKojima:
Ku yi haƙuri zan ɗan ɓata muku rai. Ni ban ce mutumin bai iya ba, amma uban gem? haba. Shekara 40 labari ɗaya, an sace gimbiya je ka ceto ta, an sake sace ta je ka sake ceto ta. Ku ɗauki Hideo Kojima, tun Metal Gear na 1987 zuwa Metal Gear Solid na 1998 mutumin yana maganar makaman nukiliya da yaƙi da cin amana, ka gama gem ka zauna shiru kana tunani kamar ka gama karanta littafi. Wane gem ɗin Miyamoto ne ya taɓa sa wani ya zauna yana tunanin rayuwa? Kayan wasan yara yake yi, masu kyau dai, amma na yara

Baba_85:
DanKojima ɗana, zauna in ba ka labari. Ni na girme yawancinku a nan. Ranar da na fara ganin Super Mario Bros. ba wanda ya koya min komai, ba na jin yaren da ke jikin kwalin, miƙo min pad kawai aka yi. Amma cikin minti biyu na san duk abin da ake so in sani. Na daɗe ina ɗauka wayona ne, sai da na girma na gane shirya min aka yi.

Ku tuna stej na farko, 1-1. Mario yana tsaye a gefen hagu yana kallon dama, gabansa fili fetal, ba sai an ce maka tafi dama ba. Sai ga wani ɗan abu mai fushi a fuska yana tahowa a hankali, in ka tsaya ya taɓa ka ka mutu, ba ka yi asarar komai ba don yanzu ka fara, amma ka koyi cewa sai ka yi tsalle. Wurin da za ka yi tsallen kuma akwai bulo mai alamar tambaya yana walƙiya a sama, kanka zai buge shi ko ba ka yi niyya ba. Laimar kwaɗi ta fito, ta gangara dama ta faɗo, ta bugi koren bututu ta juyo kanka. Kai kuma yanzu ka ga abu mai kama da ita ya kashe ka, za ka so ka tsallake ta, amma bulon da ke saman kanka ya tare ka, sai ta taɓa ka, sai ka ga ka zama ƙato. Shi kenan ka san wannan abokiya ce waccan maƙiyi ne. Gaba kuma akwai matakala biyu da rami tsakaninsu amma ramin yana da ƙasa, ka faɗa ba abin da zai same ka, kana wuce shi sai ga irinsa sak amma wannan ramin na gaske ne. An ba ka ka gwada a inda ba hatsari kafin a tambaye ka da gaske. Duk wannan ba kalma ko ɗaya da aka rubuta. To ɗana in wannan ba tunani ba ne ban san me ake kira tunani ba. Kuma Kojima ɗin naka da bakinsa ya sha faɗa cewa Super Mario Bros. na cikin abin da ya jawo shi harkar gem.

'Yar_Zane:
Baba Allah ya ƙara girma, wlh ka faɗi abin da ke raina

DanKojima:
Baba na yarda 1-1 gwaninta ce, ban musa ba. Amma koya wa mutum danna madanni daban, taɓa zuciyarsa daban. A nan nake tsaye

MasoyinZelda:
To DanKojima ka buga Zelda kuwa? Don ni a nan ne nake ganin mutumin ya zuba ransa. Ya sha ba da labarin yadda yana yaro a Sonobe yake yawo cikin daji da tsaunuka ba taswira, wata rana ya ci karo da bakin kogo, ya yi ta jin tsoro kafin ya samo fitila ya shiga. Wannan faɗuwar gaban da daɗin gano abu da kanka shi ya so ya sa a The Legend of Zelda da ya fito a Japan a Fabrairun 1986. Ana ajiye ka a tsakiyar fili ba takobi ba bayani, ga hanyoyi uku ga bakin kogo, ka zaɓa. Ka shiga kogon wani tsoho ya ba ka takobi. Da gangan Miyamoto ya ƙi nuna hanya don yara su riƙa haɗuwa suna gaya wa juna sirri, ƙona wancan icen akwai ƙofa a ƙarƙashi, sa bam a jikin wancan dutsen. Abin mamakin ma tare aka riƙa yin Mario da Zelda lokaci guda, ƙungiya ɗaya, ɗaya miƙaƙƙiyar hanya ɗaya kuma ba hanya sam. Da ya fito a Amurka a 1987 kaset ɗin ruwan zinare ne kuma akwai batir a ciki da ke riƙe inda ka tsaya, ka kashe ka dawo gobe ka ci gaba. Ni Zelda: Ocarina of Time na 1998 ya sa ni hawaye, wurin da jarumin wasan Link ya farka bayan shekara bakwai ya tarar garin da ya sani ya zama kufai. Kar ka ce min ba a taɓa zuciya.

Injiniya_AB:
MasoyinZelda ka sake faɗawa ramin da nake nunawa. Duk wanda ya ce Mario da Zelda bai ambaci Takashi Tezuka ba ya zalunce shi. Tare suka zauna suna zana matakan Super Mario Bros. a takarda mai gida-gida, su miƙa wa Toshihiko Nakago da yaransa su shigar a inji. Tezuka ne daraktan Super Mario World na 1990. Shi kuma Ocarina da kake magana daraktoci da yawa ne, akwai Eiji Aonuma, akwai Yoshiaki Koizumi, akwai Toru Osawa, Miyamoto furodusa ne a sama. Dabarar nan ta danna Z kamara ta kulle kan abokin gaba wadda kusan kowane gem na faɗa yake kwaikwaya yau, su Koizumi da Osawa ne suka samo ta bayan sun je kallon wasan takobi a filin shirya fina-finai na Toei da ke Kyoto. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni abin da ke min ciwo shi ne mutum miliyan nawa suka san Miyamoto, mutum nawa suka taɓa jin sunan Tezuka

Mai_Garaya:
Tunda ana lissafa waɗanda aka manta ku sa Koji Kondo. Rufe ido ka tuna Mario, me ya fara zuwa maka? kiɗan ne wlh. Famicom, na'urar Nintendo da ake buga Mario a kanta a Japan, muryoyi 'yan ƙalilan take iya fitarwa lokaci guda amma ya yi kiɗan da ya dace da saurin gudun Mario da tsallensa. Na Zelda ma da wani tsohon kiɗan Bafaranshe Ravel suka so su buɗe gem ɗin da shi, dab da gamawa aka gano haƙƙin mallakarsa bai ƙare ba, Kondo ya kwana ya tsara wanda muka sani yanzu. Shi ma Miyamoton makaɗi ne fa, yana kaɗa jita da banjo

Kwamanda_Link:
Ni tambayata daban ce, gsky ne wai shi ya ceci harkar gem bayan ta mutu a 1983? na sha jin haka

Malam_Tarihi:
Kwamanda a Amurka ne kasuwar ta rushe ba duniya duka ba. Kamfanoni sun cika kasuwa da gem marasa kyau, mutane suka daina saye, har Atari ya binne kaset masu yawa a Alamogordo ta jihar New Mexico, an tono su a 2014. A Japan kuwa a Yulin 1983 ɗin ne ma Famicom ta fito tana ta ciniki. Da aka kai ta Amurka a 1985 da sunan NES 'yan kasuwa suna tsoron duk abin da ake kira gem, Super Mario Bros. na cikin manyan abubuwan da suka dawo da amana, ya sayar da sama da kwafi miliyan 40, ko da yake da yawa tare da na'urar ake haɗawa. Amma akwai tsarin Yamauchi na taƙaita yawan gem da kowane kamfani zai fitar da sa hatimin inganci, wannan ba aikin Miyamoto ba ne. Ya taka rawa babba, ba shi kaɗai ba.

Kuma ku san duk Super Mario Bros. ɗin nan, duniya 8 mataki 32, kilobait 40 ne kacal. Hoto ɗaya a wayarka ya ninka shi sau da yawa. Shi ya sa in ka lura gajimare da ciyayin ƙasa zane ɗaya ne launi kawai aka canza.

Auta_2004:
Kilobait 40?? yanzu na je na duba hoton, wlh gajimaren da ciyawar abu ɗaya ne 😳

DanKojima:
Tunda kowa yabo yake bari in kawo inda ya yi kuskure, don ba mala'ika ba ne. Wii Music na 2008 nasa ne, bai karɓu ba. Star Fox Zero na 2016 ya dage sai an riƙa kallon allo biyu lokaci guda, na talabijin da na pad, masu sharhi da yawa suka ce ya wahalar da mutane. Na'urar Wii U ɗin kanta miliyan 13 da ɗoriya ta sayar bayan wadda ta gabace ta, Wii, ta haura miliyan 100. Sannan Paper Mario: Sticker Star na 2012, masu yin sa da kansu suka faɗa cewa shi ya tambaye su ko labarin ma dole ne, kuma ya ce su tsaya kan mutanen duniyar Mario da aka sani. Jerin da aka san shi da labari mai daɗi aka rage masa abin da ake so a ciki. Wannan shi ne abin da nake faɗa tun farko, mutumin ba ya girmama labari

'Yar_Zane:
Wannan na Paper Mario na ba ka gaskiya, ni ma ina ganin bai kyautu ba. Amma halin da ya jawo haka shi ne dai halin da ya gyara wasu. A Nintendo har suna suka ba abin, kifar da teburin shayi, wato ya shigo aiki ya yi nisa ya ce a rushe a sake. Metroid Prime na 2002 wani kamfani a Texas mai suna Retro Studios ke yinsa, shi ya tura su su mayar da shi ana kallo ta idon ɗan wasa, mutane suka yi ta ƙorafi kafin ya fito, da ya fito ya zama cikin mafi kyawun gem na na'urar GameCube. Wani lokaci ya dace wani lokaci ya kuskure, amma ba mai zama a ofis yana jiran a sa sunansa ba ne kamar yadda abokin Sarkin_Pad ya ɗauka

Kwamanda_Link:
Ai shi ne ya ce gem ɗin da aka jinkirta wata rana zai yi kyau, wanda aka yi gaggawarsa kuma ya lalace har abada

Injiniya_AB:
Kwamanda wannan maganar jingina masa aka yi, tana yawo a bakin masu harkar tun shekarun 1990. Ka ga misalin abin da muke tattaunawa kenan, ko magana ce ta yi daɗi sai a kai ta gidansa.

Amma don kar a ce ina gaba da shi, bari in faɗi inda ni na sallama masa. Super Mario 64 na 1996, shi ne darakta da kansa. Lokacin ba wanda ya san yadda za a sa mutum ya yi gudu da tsalle a fili mai zurfi na 3D ba tare da kai ya juya ba. Kafin su gina mataki ko ɗaya sai da suka daɗe suna gyara motsin Mario kaɗai, yana bin wani zomo a fili, har sai da gudun kansa ya zama abin jin daɗi. Ka tura sandar pad kaɗan ya yi sanɗa, ka tura da ƙarfi ya zura da gudu. Kamarar ma sai suka mai da ita wani ɗan kunkuru a kan gajimare yana bin ka da ita, don mutanen da ba su taɓa juya kamara a gem ba su gane me ke faruwa. Wannan tsarin na a fara da yadda abu ke ji a hannu kafin labari da ado, nasa ne, kuma shi ya koya wa sauran

MamanBiyu:
Sannunku da hira, na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni ban san su Tezuka ba sai yau. Abin da na sani shi ne mahaifiyata ba ta taɓa riƙe pad ba a rayuwarta sai da Wii Sports ya zo, aka ba ta rimot aka ce ki jefa kamar kina jefa ƙwallo, ta jefa, ta yi dariya har da hawaye, ranar mu uku muka buga ni da ita da ɗana. DanKojima ƙanina kana cewa kayan yara ne, ni kuma abin da ya sa nake ganin girmansa kenan. Na karanta cewa yawancin dabarunsa daga gida yake samo su, Pikmin na 2001 yana da alaƙa da aikin lambu da yake yi, Nintendogs na 2005 bayan sun samu kare ne a gidansu, Wii Fit na 2007 daga ɗabi'arsa ta hawa sikeli kullum yana rubuta nauyinsa. Har baƙin ƙarfen nan mai haƙora da ke ɗaure da sarƙa a Mario, karen maƙwabta ne da ya taɓa biyo shi yana yaro sarƙa ta fizge shi. Mutum ne mai kallon abin da ke gabansa

Baba_85:
Hajiya MamanBiyu tunda kina da yara ki yi mana gwaji. Ki ba wanda bai taɓa bugawa ba 1-1, kar ki ce masa komai, ki zo ki gaya mana

MamanBiyu:
To Baba, ƙaramar shekararta biyar ba ta taɓa buga na farkon ba, in sha Allah anjima

Auta_2004:
Wai shi Mario ɗin nasa ne? ina nufin kuɗin fim ɗin da ya haura dala biliyan 1.3 aljihunsa ya shiga?

Malam_Tarihi:
A'a Auta, Mario mallakin Nintendo ne, shi ma'aikaci ne da ya kai matsayin manyan daraktoci, kamfani ɗaya tun 1977 bai taɓa barinsa ba. A 2014 da Wii U ta jawo asara shugaban kamfanin Satoru Iwata ya yanke rabin albashinsa, Miyamoto aka yanke masa kashi 30 cikin 100. Da Iwata ya rasu a Yulin 2015 shi da Genyo Takeda suka riƙe kamfanin kafin a naɗa Tatsumi Kimishima. Irin wannan ba shi kaɗai ba ne, Alexey Pajitnov da ya yi Tetris a Mosko a 1984 bai fara cin moriyarsa ba sai 1996. Girmamawa dai ya samu, Faransa ta ba shi lambar yabo ta fasaha a 2006, BAFTA ta Birtaniya a 2010, kyautar Yariman Asturias ta Sifaniya a 2012, a 2019 kuma Japan ta sa shi cikin mutanen da suka yi wa al'adu hidima, shi ne na farko daga harkar gem. Ku tuna ma rufe gasar Olamfik ta Rio a 2016, firaministan Japan Shinzo Abe da hular Mario ya fito.

Yanzu ya ja baya daga yin gem kai tsaye, ya fi mai da hankali kan fina-finai da wuraren shaƙatawa irin Super Nintendo World da aka buɗe a Osaka a 2021.

MasoyinZelda:
Kuma ja da bayan nan ne ma ya nuna abin da ya bari. Zelda: Breath of the Wild na 2017 ba shi ya yi ba, Hidemaro Fujibayashi ne darakta Aonuma furodusa, amma ka buga ka ga na 1986 ne ya dawo da girma, a sake ka a fili ka nufi duk inda idonka ya kai. Fujibayashi ya ba da labarin da suka kai wa Miyamoto gwajin farko, ya ɓata lokaci mai tsawo yana hawa bishiyoyi kawai bai je ko'ina ba, a nan suka san sun kama hanya. Splatoon na 2015 ma matasan kamfanin ne suka ƙirƙiro. Yaran da ya rena suna yin abu irin nasa ba tare da yana tsaye a kansu ba

DanKojima:
Ko kuma sun fi yin kyau da ya matsa musu gefe. Duka biyun za a iya karantawa daga abin da ka faɗa

Sarkin_Pad:
Na tura wa abokin nawa duk hirar nan. Ya ce Injiniya ne mutuminsa 😄 amma ya janye kalmar sa'a, ya ce Mario 64 da zanen Mario ya ba shi. Uban gem ɗin ne har yanzu bai yarda ba, wai in za a ba wani a ba Yokoi tunda shi ya rene shi

Injiniya_AB:
Yokoi kam ya cancanci a buɗe masa tasa hirar daban. Na'urarsa Virtual Boy ta 1995 ta faɗi, ya bar kamfanin a 1996, a 1997 ya rasu a hatsarin mota yana da shekara 56. Bai ga inda abin ya kai ba

MamanBiyu:
Baba_85 na dawo da rahoto. Na ba ta na yi shiru kamar yadda ka ce. Sau biyu ɗan abin nan na farko yana kashe ta, na uku ta danna tsalle ta faɗo a kansa ya baje, ta juyo ta kalle ni baki buɗe. Laimar kwaɗin kuwa da ta fito ihu ta yi ta juya da gudu hagu, abin ya biyo ta har ƙarshen allo ya taɓa ta, da ta ga ta girma sai ta ce Mama ya ci abinci. Yanzu duk bulon da ta gani sai ta buga masa kai. Ramin farko ne ya tsayar da ita, ta faɗa sau shida ta ƙi ba ni pad ɗin

Baba_85:
Allah ya raya ta. Kar ki nuna mata bututun da ake shiga, ki bari mu ga kwana nawa za ta yi kafin ta gwada danna ƙasa

Injiniya_AB:
Madalla da 'yarmu. Hajiya in ta tambayi wa ya yi gem ɗin ki ce mata Miyamoto da Tezuka, su biyu